Faratan da Baba Ya Ƙera

A layinmu na masu aikin ƙarfe a Higashi-Osaka, in ka tambayi shagon Tsujimoto sai a ce maka, "Na uban ko na 'yar?" Shagon ɗaya ne, ƙofarsa ɗaya, amma masu tambayar sun san abin da suke nufi. Daga bakin ƙofa, inda haske ke shiga, wurin tsoho Isao ne: tsofaffin injina biyu koraye, bencin katako da ya sha mai har ya yi baƙi, da bango guda cike da kantoci. Can ciki kuwa, bayan labulen roba, injina uku ne masu kwamfuta, kuma 'yarsa Natsue ce ke juya su. Shekara tara ke nan da aka rubuta sunanta a matsayin shugabar shago, amma har yau ba ta taɓa zama a kujerar ubanta ba, ko ranar da ba ya nan.

Injin fere ƙarfe yana da baki, a bakin akwai ƙarafa uku masu damƙe abin da za a fere yayin da yake juyawa. Su muke kira farata. Kowane aiki da nasa faratan, domin sai an rarake bakinsu daidai da jikin abin da za su riƙe. A bayan kowane farce kuma akwai ƙananan haƙora a jere, su ne ke shiga cikin haƙoran inji su zauna daram. Tun shekaru talatin da suka wuce kowa a layin nan saye yake yi. Ka buga waya yau, gobe a kawo maka su a kwali, haƙora a yanke, ramuka a huje, kai dai rarake baki ne naka. Kowa, in ban da Isao.

"Wanda bai iya ƙera abin riƙo ba, me zai riƙe?" Haka yake cewa, kuma ya faɗe ta ya fi sau dubu.

Yana da shekara goma sha biyar ya sauko daga ƙauyensu na kan tudu a Tokushima, maigidansa na farko ya sa shi ƙera farata shekara uku cur kafin ya bar shi ya taɓa aikin mutane. Wani da ya sha wannan wuya zai tsani farata har abada. Shi kuwa sai suka shiga ransa. Yakan yanko ƙarfensa, ya daidaita shi, ya yanka haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya bi gefuna da magagari, sannan ya ɗauko ƙusoshin buga lamba da 'yar gudumarsa ya buga lambar aikin, ya buga ɗaya, biyu, uku. In an gama aiki sai a jera su a kanta. Bangon nan shekara hamsin da ɗoriya ne a jere, kuma babu saitin da zai ɗauka ya kasa gaya maka na wane ne, da abin da ya faru a shekarar.

Natsue a saman shagon aka haife ta, ƙarar inji ce ta raine ta. Ta yi rantsuwa ba za ta yi aikin da ke baƙanta farce ba, ta tafi ta kama aiki a kantin sayar da tufafi a Namba. Da mahaifiyarta ta rasu sai ta dawo, wai na wata uku, don ta riƙa dafa wa tsoho abinci. Wata ukun nan yanzu ya haura shekara ashirin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: hannunta ya faɗa da aikin, har ta kai ana kawo mata abin da maza suka gwada suka kasa. Uban bai taɓa yabonta ba. Iyakar abin da ya taɓa fita daga bakinsa shi ne "Ba laifi," shi ma sau biyu, kuma ta san ranakun.

Da injinan kwamfuta suka zo, aiki ya bar hannun tsoho kaɗan-kaɗan, har ya rage masa abu guda. Kullum ƙarfe bakwai da rabi zai sauko, ya sa hularsa, ya zauna a benci. Natsue za ta ɗaga labule ta ce, "Baba, ina buƙatar farata," ta gaya masa awon. Shi kuma zai yi tsaki ya ce, "Sai yau kika san da haka?" Sannan ya tashi. Da wannan tsakin ake buɗe shago.

A watan Fabrairu abin ya faru. Hori ne a kan inji, ma'aikacin da ya shekara talatin da biyar a gidan, mutum mai tumbi da yawan surutu, wanda ya san Natsue tun tana 'yar makaranta. Suna feren wasu zobba na famfon ruwa, inji na gudu, sai zobe guda ya kufce ya daki gilashin ƙofar inji, daidai inda fuskar Hori take. Gilashin ya tsage amma bai fashe ba. Tsoho ya fita cin taliya, bai ji komai ba.

Natsue ta kwance faratan ta kai su ƙarƙashin fitila. Haƙoran bayansu ba su tafi daidai ba, wasu sun yi zurfi, wasu ko rabi ba su kai ba. Ta ɗauko saitin makon da ya wuce, ta ga shi ma da sauƙin abin ne kawai. Nan take abubuwan da ta daɗe tana kawar da kai daga gare su suka taru mata wuri guda: yadda yake riƙe jarida ta gefen fuska, yadda ya ajiye kekensa wai gwiwa ce, yadda yake zuba shayi ya sa yatsa a bakin kofi.

Hori ya zauna a kan kwandon ƙarfe, yana share gumi da tawul ɗin wuyansa. "Nacchan," ya ce, don haka yake kiranta in ba baƙo, "fuskar nan tawa ba kyau gare ta ba, na sani, amma matata ta saba da ita."

"Yi haƙuri, Hori-san."

"Ba haƙuri nake nema ba. Idon Maigida ya tafi. Ko ki gaya masa, ko ni in gaya masa."

"In ka gaya masa, gobe me zai sauko yi?"

Su biyun sun san tsoho Murai na ƙarshen layi, wanda 'ya'yansa suka ce ya huta, aka sayo masa kujera mai laushi da babban talabijin, bai cika shekara ba aka yi jana'izarsa.

Ranar ta buga waya ta yi odar farata, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai sayen abin kunya. Ta ce a kawo ta ƙofar baya. Gilashin kuwa ta ce wa ubanta wai Hori ne ya buge shi da sanda, Hori ya karɓi zagi.

Daga nan aka shiga sabon tsari. Da safe ta ɗaga labule ta nemi farata, tsoho ya yi tsakinsa ya ƙera. In ya miƙo mata sai ta karɓa da hannu biyu, ta shige ciki, ta naɗe su a jarida ta sa a akwatin da ke ƙarƙashin matakala. Sannan ta ɗauko na saye, ta bi gefunansu da magagari yadda yake yi, ta shafa musu baƙin mai. Da azahar, in ya fita cin taliyarsa, ta lallaɓo bencinsa ta ɗauki ƙusoshinsa ta buga lambobin. Kullum kunnenta na ƙofa. In aiki ya ƙare, Hori ya hau tsani ya jera su a kanta ta sama, inda tsoho ba ya kaiwa.

Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Na sayen ba sa kuskure, kuma abin da ke cin tsoho kwana biyu, kwali na kawo shi a shirye. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da ma sun zo da aibi ko guda, da ta sami abin da za ta riƙe don ta ji haushinsu. Wata rana wani mai kawo musu aiki ya yaba ingancin zobban a gaban tsoho, tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "Riƙo ne. In riƙo ya yi kyau, komai ya yi." Natsue ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta riƙe maganar har wata tara. Amma akwai ranar takwas ga Nuwamba.

Ranar bikin zuga-zugi ce, ranar da masu aikin ƙarfe ke kashe wuta su huta da inji, su gode wa kayan aikinsu. Yawancin shagunan layin yanzu iyakarsu su ajiye lemo a gaban ɗan wurin ibadar da ke saman bango su tafa hannu. A gidan Tsujimoto kuwa ba a yi wa ranar gaggawa. Ana sauko da faratan bangon nan kaf, Isao ya zauna da tsumma da gwangwanin mai, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. In an mayar, sai ya bi kowace kanta da kowane inji ya ɗora lemo guda. Kayan gida kaɗai ake ba lemo. Abin aro ko na haya ba ya samu, ko da ya shekara a shagon.

Saiti arba'in da ɗaya na saye ne a kantar sama, kuma duk za su bi ta hannunsa.

Ana saura mako guda Hori ya kawo shawara. "Ki fito da nasa na akwati mu jera, mu ɓoye waɗannan."

"Nasa ba su taɓa cizon ƙarfe ba. Bakinsu a toshe yake, yana taɓawa zai sani."

"To mu rarake su mana, a hankali, don ganin ido. Ni da ke, kwana uku mun gama."

Ta gwada. Ta ɗaura saiti guda na ubanta a inji, ta sa hannu a maɓalli, sai ta tsaya. Mutumin nan ya yi kwana biyu a kan ƙarafan nan, yana laluben haƙora da idon da ba ya gani, ita kuma za ta yi musu tabon ƙarya don su yi kama da waɗanda suka yi aiki. Ta kwance su ta mayar cikin jaridarsu.

"Ba zan iya ba," ta ce.

"To sai ki shirya," in ji Hori. "Ni dai ranar zan zauna kusa da ƙofa."

Ranar ta zo da sanyi. Aka share shago, aka goge injina, Natsue ta sayo kwalin lemo daga wajen mai kayan marmari na bakin tasha. Hori yana kan tsani yana miƙowa, ita tana karɓa tana jerawa a benci, tsoho yana gogewa. Daga ƙasa aka fara, daga tsofaffi. Kowane ya ɗauka sai ya bi lambar da babban yatsa, ya ce wani abu.

"Na masu kekuna ne, shekarar da aka haife ki. Uwarki ta ce ƙarar ta hana ki barci, na ce ki saba."

"Ai na saba, Baba."

"Wannan kuma na shekarar girgizar ƙasa. Kantar nan duk ta zubo, Hori ya shige ƙarƙashin benci ya bar tumbinsa a waje."

"Maigida, tumbin ne ya ƙi shiga, ni na yi iyakar ƙoƙarina."

Aka yi dariya, amma ta Natsue iyakarta leɓe. Suna ta hawa kanta bayan kanta. Wajen sha ɗaya da rabi Hori ya miƙo saitin farko na kantar sama, bai yarda sun haɗa ido ba.

Tsoho ya ɗauka, ya bi lambar da yatsa, ya goge, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar tsumma a kan ƙarfe. Ya goge arba'in da ɗayan nan kaf, da kulawar da ya ba sauran, bai ba ko guda labari ba. Da ya gama ya ninke tsumman, ya goge hannunsa.

"Natsue."

"Na'am, Baba."

"Sau nawa na gaya miki lamba bugu ɗaya ake mata? Kin tsaya kina tsoron guduma, ki buga, ki ga bai fito ba, ki sake. Duk lambobin nan inuwa biyu gare su."

Ta dafa benci. Hori ya fara saukowa daga tsani a hankali, kamar mai gudun kada a ji motsinsa.

"Kai kuma tsaya nan, munafuki. Wai sanda ce ta fasa gilashi. Shekara sittin ina jin ƙarar ƙarfe, sai a gaya mini tsagar sanda ce? Na shafa wurin ai, daga ciki aka buge shi."

"Tun yaushe ka sani?" in ji Natsue.

"Tun makon farko. Ƙusoshina kike mayarwa a juye, uku a gurbin biyar. Na ce to, ɓera ya shigo. Da kuka tafi kai kaya, na sa kujera na laluba sama."

"Ka hau kujera? Da gwiwar nan?"

"Gwiwata lafiyarta lau. Ido ne."

Karo na farko ke nan da ya faɗe ta da bakinsa. Ya faɗe ta yana fuskantar bango, kamar da kantocin yake magana. Natsue ta ji tausayinsa ya rufe ta, tare da wani haushi da ba ta san yana cikinta ba.

"To me ya sa ka yi shiru? Wata tara, Baba! Kana ƙera abin da ka san akwati za shi, ni kuma ina satar ƙusoshi kamar ɓarauniya a gidan ubana!"

"Ke me ya sa kika yi shiru?"

Ya juya lemo guda a hannunsa, sannan ya ci gaba.

"Na so in faɗa. Na ce gobe, na ce jibi. Amma kullum da safe sai ki ɗaga labulen nan ki ce kina buƙatar farata. Na san ƙarya ce. Sai in ce bari in ƙara ji sau ɗaya."

Hori ya juya baya yana fyace hanci da tawul, wai ƙura ce. Natsue kuwa ba ta ɓoye ba, hawaye take yi sosai, mace mai shekara hamsin, tana tsaye da safar hannu mai maiƙo.

"Da na kashe Hori," in ji tsoho, "da me zan gaya wa matarsa?"

"Da ta gode maka, Maigida."

"Rufe mana baki. Natsue, ina kwalin?"

"Wane?"

"Na sayen. Wanda ake shigowa da shi ta ƙofar baya kamar kayan sata. Kawo shi nan."

Ta shiga ta ɗauko, ta ajiye a kan bencinsa. Ya zaro farce guda sabo, ya bi haƙoran bayansa da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Fuskarsa ta nuna abin da bakinsa ba ya so ya faɗa.

"Ba laifi," ya ce.

Aka mayar da farata kantoci. Ya tashi da kwandon lemo, ya bi injina, nasa da nata, ya bi kantoci yana lalube yana ɗorawa. Kantar sama Hori ya miƙa wa ya ce ya ɗora. Sannan ya dawo benci, ya tsaya a gaban kwalin nan. Natsue na kallo ya ɗauki lemo ya ɗora a kansa, ya haɗa hannu ya sunkuyar da kai kamar yadda ya yi wa sauran. Saura guda a kwando. Ya miƙa mata.

"Wannan kai wa na ƙarƙashin matakala. Ba laifinsu ba ne."

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ta ji saukowarsa. Ta ji ya ja kujera ya zauna. Ta tsaya a bayan labule, hannunta a kan robar, ta rasa abin da za ta ce, domin maganar da ta saba faɗa ta ƙare jiya, kuma in ba ta ce komai ba ta san gobe ba zai sauko ba. Ta waiwaya ta ga saitin aikin ranar a kan teburinta, sababbi fil daga kwali, ba lamba a jikinsu. Ta kwashe su ta fita.

"Baba, ina buƙatar lamba. Ɗari shida da goma sha biyu."

Ya yi tsaki.

"Sai yau kika san da haka?"

Ya jawo akwatin ƙusoshi, ya lalubo shida, ya shafa kanta ya tabbatar ba tara ba ce. Ya dasa ta a kan ƙarfen da yatsu biyu, ya ɗaga guduma, bai ko sunkuya ya duba ba. Ya buga sau ɗaya. Natsue ta kai yatsa ta shafa wurin, lambar ta fito tsaf, ba inuwa.